Shin Na'ura Tana Iya Nuna Abin da ke Cikin Kankare Ba Tare da An Fasa Shi Ba?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Muna kula da wani bene mai hawa huɗu wanda ya kai shekara talatin da ginawa, kuma zanen ginin ya ɓata. Muna so mu huda dekin domin shigar da sababbin bututun ruwa da na wuta, sannan akwai ginshiƙai biyu a hawan ƙasa da suka tsage suna fitar da ruwan tsatsa. Wani kamfani ya ce zai zo da na'urar rada ya duba mana cikin kankaren baki ɗaya ba tare da an fasa ko'ina ba. Shin wannan abin dogaro ne?"

Malam, aikin da kamfanin ya yi maka tayi aiki ne na gaske wanda injiniyoyi suka daɗe suna yi, sai dai alkawarin da ya biyo bayansa ya fi ƙarfin na'urar. Tambayarka ta ƙunshi buƙatu uku waɗanda ba hanya ɗaya ake bi a biya su ba. Kana so ka san inda rodi da wayoyi da bututu suke domin kada a yanke su, kana so ka san ko akwai kogo ko ɓarakar da ta ɓuya a cikin kankaren, kuma kana so ka san irin ɓarnar da tsatsa ta yi wa rodin ginshiƙan nan biyu. Rada tana amsa ta farko da kyau ƙwarai, tana taɓa ta biyu sama-sama, amma ta uku kusan ba huruminta ba ce. Dalili kuwa shi ne kowace na'ura a wannan fanni wani abu guda take aikawa cikin kankare, ko taguwar rediyo, ko sauti, ko maganaɗisu, sannan ta auna abin da ya dawo, kuma abin da bai shafi wannan saƙon ba ba za ta san da shi ba ko da yana nan kwance a gabanta.

Mafi sauƙi a cikinsu ita ce na'urar neman rodi mai aiki da maganaɗisu. Ana jan ta a kan fuskar kankare, ta nuna inda rodi yake, ta auna kaurin kankaren da ya rufe shi, ta kuma yi kirdadon kaurin rodin kansa idan rodin da ke kusa da shi bai matse shi ba. A santimita bakwai ko takwas na farko ma'auninta yana da kyau, daga nan sai ya fara raguwa, kuma ba ta ganin bututun roba ko kogo sam. Duk da haka kada a raina ta, domin kaurin rufin rodi shi ne abu na farko da ke yanke hukunci a kan tsawon ran gini. Ƙa'idar ACI 318 ta Amurka ta tanadi milimita 20 ga dekin da ke cikin gini, milimita 40 ga bim da ginshiƙi, da milimita 75 ga kankaren da aka zuba kai tsaye a kan ƙasa. Idan aka auna ginshiƙan nan naka aka tarar rufin bai wuce milimita 10 ko 15 ba, to an riga an samu rabin bayanin tsatsar.

Ita kuwa rada tana da eriya wadda ke harba gajeriyar taguwar rediyo cikin kankare, ta saurari amon da ya dawo daga duk inda yanayin abin da taguwar ke ratsawa ya sauya. Eriyar da ake amfani da ita a kankare tana aiki ne tsakanin gigahaz 1 zuwa kusan 2.6, wato taguwarta tana kaɗawa sau biliyan 1 zuwa kusan biliyan 2.6 a daƙiƙa. Mai gigahaz 1.6 takan kai zurfin santimita 40 zuwa 50 a busasshen kankare, mai 2.6 kuma ta fi rarrabe ƙananan abubuwa amma ba ta cika wuce santimita 30 ba. Kamfanoni irin su GSSI na Amurka, Hilti, Proceq na Suwizalan da MALÅ na Suwidin duk suna ƙera ta, kuma bambancin da ke tsakanin na'urorinsu bai kai bambancin da ke tsakanin ƙwararren mai aiki da ɗan koyo ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne allon rada ba ya nuna rodi a siffar rodi. Lokacin da ake tura na'urar ta tsallaka rodi, tana fara jin amonsa tun kafin ta iso kansa, lokacin da nisan yake da yawa, sai nisan ya ragu har ta zo daidai samansa, sannan ya sake ƙaruwa bayan ta wuce. Sakamakon haka abin da ke bayyana a allo baka ne a kife, kuma ƙololuwar bakan ita ce wurin da rodin yake. Rodi, da bututun ƙarfe na waya, da igiyar ƙarfe ta ɗaure dekin, dukkansu irin wannan bakan suke bayarwa. Mai aikin ne yake rarrabe su ta hanyar duba tsarinsu a faɗin wurin. Rodi yana tafiya a jere, tazararsa daidai, zurfinsa kusan ɗaya. Bututun waya yakan yanke ta gicciye daga wata kusurwa zuwa inda fitila ko soket yake, ba ruwansa da jerin rodin. Bututun roba da babu komai a cikinsa yana ba da amo mai rauni, kuma launukan amon suna zuwa a juye idan aka kwatanta da na ƙarfe, saboda taguwar ta shiga iska ce maimakon ta doki ƙarfe.

Wannan ne ya sa aikin kirki ba ya yiwuwa da layi ɗaya. Ana shimfiɗa takarda mai layuka a wurin da ake son hudawa, galibi santimita 60 a kowane gefe, a bi layukan tsaye ɗaya bayan ɗaya da tazarar santimita 5 ko 10, sannan a bi na kwance, domin rada tana ganin ƙarfe sosai ne idan ta tsallaka shi, amma idan ta bi tsawonsa sai ya zama wani shimfiɗaɗɗen layi mai sauƙin ruɗarwa. Manhajar na'urar tana haɗa layukan ta fitar da hoton wurin daki-daki, daga sama zuwa ƙasa. Bayan haka mai aikin ya ɗauki alli ko fenti ya zana abin da ya gani a kan dekin kansa, rodi da launi ɗaya, waya da wani launi, abin da bai tantance ba da launi na uku, ya rubuta zurfin kowanne a gefensa. Idan ka ga mutum ya ja na'ura sau biyu ya buga alama ya ce a huda nan, ka dakatar da aikin.

Batun zurfi ma yana buƙatar a tsaya a kansa. Rada ba ta auna nisa, lokaci take aunawa, sannan ta mayar da shi nisa bisa saurin da aka gaya mata. Taguwar rediyo tana tafiya santimita 30 a cikin nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, idan a iska ce. A cikin kankare saurin yana sauka zuwa wajen santimita 12 idan ya bushe, ko 10 ko ƙasa da haka idan yana da laima, domin ruwa yana rage gudun taguwar fiye da duk wani abu da ke cikin kankaren. Ɗauki amon da ya dawo bayan nanosakan 2, zuwa da dawowa. Idan saurin 12 ne, abin yana zurfin santimita 12, idan kuma 10 ne, yana zurfin santimita 10. Bambancin santimita biyu a dekin mai kaurin santimita 20 ya isa ya sa bakin injin huda ya shiga bututun da aka yi zaton yana can ƙasa. Saboda haka mai aikin da ya san abin da yake yi yakan daidaita na'urarsa a wurin da aka san kaurin dekin, kamar bakin matakala ko wata tsohuwar huda, kafin ya yarda da lambar da allo ya ba shi.

Akwai kuma wuraren da rada take makancewa. Ƙarfe yana mayar da taguwar gaba ɗaya, don haka duk abin da ke kwance daidai ƙarƙashin rodi yana cikin inuwa. Idan rodin sama ya yi cunkoso, kamar yadda yake a kan ginshiƙi da mahaɗar bim, duba na ƙasa yana zama kamar leƙen ɗaki ta tagar da aka yi wa raga mai ƙananan idanu. Sabon kankaren da bai gama bushewa ba yana shanye taguwar, haka nan wanda gishiri ya ratsa, wanda aka cuɗa da zaren ƙarfe kuwa ba ya dubuwa kwata-kwata. Sannan tsawon taguwar a cikin kankare ya kai wajen santimita 6 ga eriya mai gigahaz 1.6, shi ya sa ba za ta iya gaya maka da tabbaci ko rodin na milimita 12 ne ko na 16 ba. Wanda zai yi lissafin nauyin da dekin zai iya ɗauka yana buƙatar wannan lambar, kuma hanyar samunta ita ce a sassaƙe ɗan wuri a auna rodin da hannu. Wasu na'urorin suna da ƙarin abin jin wutar lantarki mai juyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, amma wannan yana jin wayar da wuta ke gudana a cikinta ne a daidai lokacin, wayar da aka kashe makunninta tana iya wucewa shiru alhali tana da rai.

Kafin a taɓa dekin ɗin naka, akwai tambayar da ya wajaba a amsa, wato ko an ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe. A gine-ginen da ke da faɗi tsakanin ginshiƙai kuma dekinsu siriri ne babu bim a ƙasa, sau da yawa ana shimfiɗa igiyoyin ƙarfe kafin zubi, bayan kankaren ya yi ƙarfi a ja su da injin a kulle a gefe. Igiya ɗaya mai kaurin milimita 12.7, wadda aka tufka da silin waya bakwai, ana jan ta da ƙarfin da ya kusa tan 15. Idan injin huda ya yanke ta, dekin ya rasa wani ɓangare na abin da ke riƙe da shi, kuma irin wadda aka saka cikin rigar roba da man shafawa tana iya fizgewa ta faso gefen ginin ta fito da ƙarfi, ta raunata wanda ke tsaye a wurin. A rada ana gane waɗannan igiyoyi ne da yadda zurfinsu yake sauyawa, domin suna hawa kusa da saman dekin a kan ginshiƙi, su sauka kusa da ƙasansa a tsakiyar tazara, kuma sukan zo a dunƙule biyu ko uku ko fiye. Mai aikin da ya duba murabba'in santimita 60 kawai ba zai ga wannan hawa da saukar ba, dole ne ya ja dogayen layuka daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi.

Haɗarin ɓoyayyen ƙarfe ba a wajen huda kaɗai yake ba. Gadar Ynys-y-Gwas da ke yankin Wales na Birtaniya, wadda aka gina a 1953, ta rufta a watan Disamba na 1985 ba tare da ta nuna wata alama a waje ba, saboda ruwan gishiri ya shiga ta mahaɗar sassanta ya cinye igiyoyin. Wannan na cikin abin da ya sa hukumar sufuri ta Birtaniya ta dakatar da gina sababbin gadoji masu irin wannan ɗauri a 1992, ba ta janye dakatarwar ba sai a 1996. A Disamba 2011 an rufe gadar sama ta Hammersmith a Landan bayan an gano tsatsa a igiyoyinta, a ranar 14 ga Agusta 2018 kuma gadar Morandi ta birnin Genoa a Italiya ta faɗi ta kashe mutum 43, inda bincike ya nuna tsatsa ta ci igiyoyin da ke lulluɓe a cikin kankare. A irin waɗannan gine-gine matsalar takan fara ne daga inda ruwan simintin da aka ɗura cikin bututun igiya bai cika ba, ya bar kogon da laima ke taruwa. Idan bututun na ƙarfe ne, rada za ta nuna inda yake, amma ba za ta ga cikinsa ba.

A nan ne sauti yake karɓar aiki, kuma wannan shi ne amsar buƙatarka ta biyu. Siririyar ɓaraka mai kaurin milimita ɗaya ba ta cika bayyana a rada ba, domin ta yi wa taguwar rediyo ƙanƙanta. Amma sautin da ke tafiya cikin kankare idan ya iso iska, komai sirantarta, kusan dukkansa yake dawowa baya. Shi ya sa tsohuwar hanyar ƙwanƙwasa kankare da guduma, ko jan sarƙa a kan dekin gada, har yau take cikin ƙa'idojin ASTM, ƙungiyar tsara ƙa'idojin gwaji ta Amurka, da lamba D4580. Lafiyayyen kankare yana ba da ƙara mai tsini, wanda fatarsa ta rabu da jikinsa kuma yana ba da ƙara mai kauri ta abin da babu komai a ƙarƙashinsa. A ganina wannan ya kamata ya zama aikin farko a kan ginshiƙanka, kuma awa guda ta isa a zagaye wuraren da suka ɗaga da alli.

Domin a shiga can ciki ana amfani da na'urar auna saurin sauti, wadda aka fara ƙirƙira a Kanada da Ingila a shekarun 1940. Ana manna mai aikawa a gefe ɗaya na ginshiƙi, mai karɓa a ɗaya gefen, a shafa musu ɗan mai domin kada iska ta shiga tsakani, a harba sauti mai kilohaz 54 wanda kunne ba ya ji. Idan faɗin ginshiƙin milimita 300 ne kuma sautin ya ratsa a maikirosakan 75 (maikirosakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa), saurinsa mita 4,000 ne a daƙiƙa, wanda ke nuna kankare mai kyau. Idan aka sauko kusa da gindin ginshiƙin lokacin ya zama maikirosakan 100, saurin ya koma mita 3,000, kuma wannan alama ce cewa sautin ya yi zagaye ne ya kauce wa kogo, ko ya bi ta cikin tsakuwar da siminti bai cike tsakaninta ba. Gindin ginshiƙi ya yi suna da wannan aibi, saboda a nan ne tsakuwa take taruwa idan aka zubo kankare daga sama sosai, ko ruwan siminti ya tsiyaye ta ƙasan katako, ko injin girgiza bai kai can ba, daga baya kuma a shafe wurin da filasta. Abin lura shi ne sauti yana gudun kusan mita 5,900 a daƙiƙa a cikin ƙarfe, don haka idan hanyar ta bi tsawon rodi, lambar za ta yi kyau fiye da gaskiya. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara zana wurin rodi kafin a auna sauti.

Inda ba a iya kaiwa ga gefe biyu, kamar daɓen ƙasa ko bangon da ya jingina da ƙasa, akwai hanyar da Nicholas Carino da Mary Sansalone suka samar a hukumar ma'aunai ta Amurka a tsakiyar shekarun 1980, aka ci gaba da ita a Jami'ar Cornell, ta zama ƙa'idar ASTM C1383. Ana buga fuskar kankare da ƙaramin ƙwallon ƙarfe, sautin ya riƙa kai-komo tsakanin sama da ƙasa, wani abin ji da ke gefe ya auna sau nawa yake yin haka a daƙiƙa. A dekin mai kaurin milimita 200 da saurin sauti mita 4,000, amon yana fitowa a wajen kilohaz 9.6. Idan akwai faffaɗan kogo a rabin kaurin, sai wani amo ya bayyana a wajen kilohaz 19, domin tafiyar ta ragu da rabi. Sababbin na'urori sun wuce nan. Suna da jerin ƙananan hanci masu yawa da ake dannawa a kan busasshen kankare ba tare da mai ba, kowane layi ya aika sauti sauran su saurara, manhaja ta haɗa amon ta fitar da hoton yanki. Irin su MIRA da Pundit suna kaiwa zurfin mita ɗaya ko fiye, kuma cunkoson rodi ba ya toshe su kamar yadda yake toshe rada, amma aikinsu yana da jinkiri kuma ba su da kyau a santimita na farko-farko.

Sai batun tsatsa, wanda a ganina shi ya fi gaggawa a cikin abin da ka zayyana. Sabon kankare yana da kaifin alkali mai ma'aunin pH wajen 13, wanda ke sa wata siririyar fata ta kariya ta lulluɓe rodi. Abu biyu ke karya wannan kariya. Iskar kabon da ke cikin sararin sama tana ratsa kankare a hankali daga waje, ta sauke ma'aunin zuwa wajen 9, ko kuma gishiri ya shiga, ko daga ruwan teku, ko daga yashi da ruwan da aka yi kwaɓi da su tun farko. Tsatsa tana cin wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta cinye, sai ta tura kankaren daga ciki ya tsage a kan layin rodi. Idan tsagar ginshiƙanka a tsaye take kusa da kusurwa, tana bin rodi, to wannan ne ya faru, kuma fitowar ruwan tsatsa tana nufin abin ya jima da farawa.

Gwajin da ake yi shi ne na ƙa'idar ASTM C876. Ana buɗe rodi a wuri ɗaya a maƙala masa waya, a jiƙa fuskar kankaren, a riƙa ɗora wani bututu mai sandar tagulla a cikin ruwan gishirin tagulla a kan maki daban-daban ana karanta ƙarfin lantarki. Inda lambar ta zarce ragin milibolt 350, yiwuwar cewa tsatsa tana ci a wurin ta haura kashi 90 cikin 100, inda kuma ba ta kai ragin 200 ba, yiwuwar cewa ba ta ci ta haura kashi 90. Tsakanin biyun babu hukunci. Waɗannan lambobi suna ruɗarwa a kankaren da ya jiƙe sharkaf, inda rashin iska ke sa lambar ta yi ƙasa sosai ba tare da tsatsa ba, saboda haka ƙwararru sun fi duba inda lambar ta faɗi kwatsam tsakanin maki biyu na kusa. Kuma gwajin yana nuna inda tsatsa take aiki ne a yau, ba ya faɗin yawan ƙarfen da ya riga ya tafi. Wannan sai an fasa rufin, an kankare tsatsar, an auna abin da ya rage. A daidai wannan buɗin ake fesa ruwan finolftalin a kan sabon karyin kankare, inda ya koma ja-ja mai ruwan hoda alkalinsa yana nan, inda bai sauya ba iskar kabon ta riga ta iso, sannan a ɗebi garin kankare daga zurfi daban-daban a kai ɗakin gwaji domin auna gishiri.

Wataƙila kamfanin zai zo da gudumar gwaji wadda injiniyan Suwizalan Ernst Schmidt ya ƙirƙira a 1948, ya ce da ita zai faɗi ƙarfin kankaren. Taurin fatar waje take aunawa, santimita biyu ko uku, kuma a gini mai shekara talatin iskar kabon ta riga ta taurara wannan fatar, don haka lambar takan fi gaskiya. Amfaninta shi ne kwatanta ginshiƙi da ginshiƙi, a ɗauki bugu goma a kowane wuri kamar yadda ASTM C805 ta tanada, domin a san inda za a ciro samfur. Ƙarfin kankare na haƙiƙa sai an yanko gunduwa mai faɗin kusan milimita 100 an matse ta a injin har ta fashe. Hoto irin na eksire da ake ɗauka da hasken gama mai fitowa daga sinadarin iridiyam 192 ko kobal 60 shi ya fi kowanne fitar da siffar abin da ke ciki, amma yana buƙatar gefe biyu, da lasisi, da kwashe mutane daga wurin, don haka ba a kai ga shi sai inda sauran suka gaza.

Ka ga ke nan kalmar da aka gaya maka, cewa ba za a fasa ko'ina ba, ba za ta tsaya ba idan ana son aikin da injiniya zai sa wa hannu. Abin da waɗannan na'urori suke yi shi ne su mayar da fasa wuri hamsin na shaci-faɗi zuwa buɗe wuri huɗu ko biyar da aka zaɓa da hujja, kuma kowane buɗi yana gyara fassarar sauran wuraren da ba a buɗe ba. Gani ya kori ji. Ka nemi a rubuta wannan a cikin yarjejeniyar tun farko, tare da sunan injiniyan gini da zai karanta sakamakon, domin mai jan na'ura zai iya gaya maka inda rodi yake, amma ba shi zai yanke hukuncin ko huda mai faɗin santimita 15 kusa da kan ginshiƙi za ta raunana dekin ba. Wannan yanki na kewayen ginshiƙi shi ne inda dekin da ba shi da bim yake fuskantar haɗarin ginshiƙi ya huda shi ya faso, kuma ana iya raunana shi ko da ba a yanke rodi ko ɗaya ba.

Rahoton da za su ba ka ya kamata ya faɗi irin na'ura da eriyar da aka yi amfani da su, yadda aka daidaita saurin taguwa da kuma a ina, hoton kowane wuri da zanen allinsa tare da ma'auni daga bango ko ginshiƙi, zurfin da na'urar ta iya kaiwa a zahiri a wannan ginin, da wuraren da ba a iya gani ba. Rahoton da babu ko wuri ɗaya da aka rubuta cewa ba a tantance ba, ni ina ɗaukarsa da shakka. Idan ana iya kaiwa ga ƙasan dekin, a duba ta can ma, saboda abin da rodin sama ya ɓoye yakan fito fili daga ƙasa.

Game da jerin aiki kuwa, ginshiƙan nan biyu su ne a gaba. Injiniya ya fara ganinsu, idan ya ga kankare ya ɗaga sosai ko rodi ya lanƙwasa ya fito, a kafa tokaren ƙarfe a ƙarƙashin bim ɗin da suke ɗauka kafin kowa ya sassaƙe su, kuma kada a buɗe fuskoki huɗu na ginshiƙi mai ɗauke da nauyi a lokaci ɗaya. Ranar hudar dekin, a kashe wutar sashen daga babban makunni, a bar tazarar aƙalla santimita biyar daga kowace alamar rodi, fiye da haka daga alamar igiyar ɗauri ko abin da ba a tantance ba, a fara da siririyar huda ta gwaji, a yi amfani da injin da ke tsayawa da kansa idan bakinsa ya taɓa ƙarfe, sannan a killace ɗakin da ke ƙasa saboda gunduwar da za ta faɗo. Idan mai aikin famfo ya ga dama ya matsar da hudar taku ɗaya daga inda aka duba, a sake kiran mai na'urar ya duba sabon wurin kafin a kunna injin.